Tulun Da Ke Cikin Kwallar Mama

Salama gare ku 'yan'uwa. Yau kam ku gyara zama, don abin da zan ba ku na so a ce ko bangon ɗakinmu bai ji ba, sai ga shi ni da kaina zan baza shi a gabanku. Wanda dariya ta kama ya yi abarsa, ni ma da labarin wata ne da na fi kowa darawa.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Afiniki, autar Dattijo Zakka na Panshekara. Mu Kiristoci ne, Hausawa kuma gaba da baya, kakanninmu Maguzawa ne na wani ƙauye can bayan Sumaila. Ina aiki a wani kamfanin robobi a Sharada, ɓangaren da ake kankare bakin bokiti da baho in sun fito daga inji. Wanda zan aura sunansa Habila, mai gyaran wuta ne a wani kamfanin jima a Challawa, shi ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarmu. A makon da nake ba ku labari, ranar Asabar iyayensa za su zo sa rana.

Gida ya kacame da shiri. Baba ya shafe zaure da farar ƙasa da hannunsa, Mama ta karɓo mini ɗinki daga wajen tela, atamfa ruwan zuma mai zanen ganye, riga da siket, wuyan an bi shi da ɗan leshi fari. Sau nawa na gwada ta a gaban madubin sif, kar ku tambaya.

Ranar Laraba da la'asar adaidaita ta tsaya a ƙofar gida, sai ga Gwaggo Tambai ta sauko, ƙullin daddawa a ka, buhun dawa a baya, kwando a hannu da wani jan zakara a ciki yana zare ido. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba ta bi coci ba, ba ta bi masallaci ba, tana nan a kan abin da ta tarar iyaye na yi. Kuma in faɗa muku gaskiya, duk dangin nan babu mai sona kamarta.

"Auta! Zo nan in gan ki. Kai, birni ya tsotse min ke. Wannan wuyan ne za a kai gidan miji?"

Na faɗa jikinta ina dariya, tana ƙamshin hayaƙi da taba gari. Baba ya fito ya durƙusa ya gaishe ta, ya leƙa kwando.

"Yaya, har da zakara? Ai kun fanshe mu, baƙin Asabar sun samu nama."

Gwaggo ta ja kwandon kusa da ƙafarta. Mama kuwa ta sunkuyar da kai ta ɗauki buhun dawa ta yi madafa da shi. Na lura, amma farin ciki bai bar ni na tsaya tunani ba.

Da magariba Baba ya saɓa rigarsa ya tafi taron dattawan coci. Ko ƙurar takalminsa ba ta kwanta ba Gwaggo ta kira ni ɗakin Mama. Na tarar da ita zaune a bakin gado, Mama ta ba mu baya tana ninke kayan da ni da kaina na ninke da safe. Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta fito da wani baƙin zare murɗaɗɗe, da wuri guda a jiki, da ɗan ƙullin fata kamar ƙwallon dabino.

"Ɗaga rigarki."

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Sallama ce. Duk 'yar da za ta bar gidanmu sai an sallame ta a wajen kan gida, abin da ya tsare kakanninki tun kafin a san da fasto. Jibi da asuba in ubanki ya tafi addu'ar safe a yanka zakaran can, a ɗiga miki a zaren, shi ke nan. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani."

Na ja da baya. "Gwaggo, ni fa na yi baftisma."

Ta dube ni, ba da faɗa ba, da tausayi.

"Yayarki ma ta yi."

Hannun Mama ya tsaya a kan zanen da take ninkewa.

Yaya Dinatu ita ce babbarmu, tana aure a Dakata. Lokacin bikinta Gwaggo ta kawo irin wannan zaren, Yaya ta karɓa a gaban kowa ta jefa a kwata, ta ce ita jinin Yesu ya ishe ta. A ranar na yi alfahari da ita ba kaɗan ba. Bayan nan ta yi ɓari sau biyu. Na biyun cikin ya tsufa, namiji ne, har gashi ya yi. Ni na wanke zannuwan, ni na ga yadda Yaya ta juya fuskarta bango ta daina magana har aka sallame mu daga asibiti.

To jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba. Babu wanda ya riƙe ni. Da hannuna na ɗaga rigata, Gwaggo ta zagaya zaren a ƙuguna ta ƙulle, ta shafa kaina ta ce, "Allah ya ba ki masu albarka." Har da sunan Allah a ciki, shi ya fi ɗaure min kai.

Ina fitowa wayata ta yi ƙara. Habila.

"Amaryar Asabar, Innata ta ce in tambaye ki, Baba yana cin goro kuwa? Kar su kawo ya zama na ado."

Na rubuta, "Yana ci."

"Yana ci kawai? Yau babu 'yar dariyar? Ko an fara yi mini jan aji tun kafin a sa rana?"

Na tura masa fuskar dariya, tawa fuskar kuwa kamar an aiko mini da mutuwa.

"To kira ni mu yi addu'a."

Al'adarmu ce kullum da yamma, shi ya fara ni in rufe. Na daɗe ina kallon saƙon. Zaren yana nan a ƙuguna, ko nauyin tsinke bai kai ba, amma ji nake kamar an ɗaura mini dutsen niƙa. Da wane baki zan ce Uba?

"Kaina ke ciwo. Gobe."

"Sannu tawan. Sha magani. Ni zan yi mana."

Washegari aikin safe nake. A ɗakin da muke sauya kaya ina cire doguwar rigata zan sa shuɗiyar rigar aiki, sai na ji an ja zaren ta baya.

"Ke Afiniki, wannan fa? Jigidar talauci ce aka fara yayi ban sani ba?"

Uwani ce, ƙawata, 'yar asalin Challawa, wadda kullum take mana gorin cewa kakanta ya noma gyaɗa a inda aka kafa rabin kamfanonin nan. Teburinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. In ta shiga salla ni ke riƙe mata wajenta, in ina da gwajin waƙa ita ke ƙarasa mini bokitaina. Ta juyo da ni, ta ga wurin da ƙullin fatar, dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ni dai ba malamar addininku ba ce, amma mu a wajenmu wannan sunansa shirka. Ba ke ce kika tare ni a bakin get ba, lokacin da zan je wajen mai duba saboda Auwalu ya daina kirana, tun kafin mu yi aure? Kika ce mini in bar wa Allah?"

"Ba ki san abin da ya samu yayata ba."

"Ban sani ba? Wa ya kai muku kunu asibiti? Ke, ni ma fa na yi ɓari bara, zaren wa na jefa a kwata?"

Ta gyara mini wuyan riga kamar 'yarta, ta ce, "Sa hularki mu tafi, kafin mai duba aiki ya rubuta mu a makara."

Ranar nan ban san yadda na yi aiki ba. Zafin inji, warin narkakkiyar roba, gumi na bin bayana, zaren ya jiƙe yana cizona. Ni da kullum nake rera waƙoƙin sujada a ƙarƙashin ƙarar inji, inda ba mai jin in na yi kuskure, ranar ko baiti ɗaya ya ƙi fitowa. In na buɗe baki sai in ji kamar mai gaisuwa da hannu ɗaya, ɗayan a ɓoye a baya.

Da aka tashi ina fitowa na hango Habila a gindin darbejiyar da ke tsallaken titi, zaune a kan babur ɗinsa, da rigarsa mai aljihu da yawa da abin gwada wuta a maƙale. Ya fesa turare, amma warin jima ba ya jin turare. Na sha gaya masa in an ɗaura aure a waje zai riƙa kwana sai ya yi wanka uku. Ranar kuwa warin nan da ya bugi hancina sai da hawaye suka kawo.

"Na roƙi oga awa ɗaya. Zo ki zauna."

Ya sayo awara a wajen matar da ke soyawa a bakin kwalbati, da yaji a gefen takarda. Manyan motoci na wucewa suna girgiza ƙasa. Na ɗauki ɗaya na riƙe, na kasa kaiwa baki.

"Afiniki, tun jiya rubutunki ba naki ba ne. Wani abu na yi?"

Na so in ce ba komai. Har na shirya bakina. Sai kawai na ji ina faɗa masa, tun daga saukowar Gwaggo har zakaran da ke ɗaure a gindin turmi yana jiran asubar Juma'a. Ban dube shi ba sai da na gama.

Ya daɗe yana marmasa awarar da ke hannunsa.

"Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zaren ne ya fi ba ni haushi ba, ciwon kan nan ne. Jiya na durƙusa ina roƙon Allah ya sauƙaƙe miki ciwon da babu shi."

"Ka yi haƙuri."

"Na yi. Amma gaya mini, tsammaninki in ba ki haihu ba zan kwance ki ne in yar, kamar ƙwan fitilar da ya mutu?"

Dariya ta kufce mini a cikin kuka. Shi bai yi ba.

"Ina son 'ya'ya, Afiniki. Har sunaye na zaɓa ban gaya miki ba, don na san za ki ce na ƙauye ne. Amma in Allah bai bayar ba, ni da ke za mu zauna mu yi kukanmu, mu tashi mu ci tuwo. Ke na gani na ce ina so, ban leƙa cikinki ba."

Na share fuska da gefen gyalena. "To ka tsinke mini. Ga filaya nan a aljihunka."

Ya girgiza kai. "A'a. Ba ni na ɗaga riga aka ɗaura ba. In na tsinke, ran da tsoro ya dawo za ki ce Habila ne ya jawo miki. Kuma sai ki tashi daga dogara ga zare ki koma dogara gare ni, ni kuwa ko wutar kamfani ba kullum take jin maganata ba. Wannan tsakaninki ne da wanda kika yi wa alkawari a cikin ruwa."

"Asabar ɗin fa?"

"Asabar na nan daram. Ba sharaɗi nake kafa miki ba. Ci awararki, ta huce."

Ya sauke ni a kan kwanarmu. Kafin in kai ƙofar gida saƙonsa ya shigo. "Na kira oga na ce ba zan dawo ba. Ina wajen mai faci. In kin kira zan zo, in ba ki kira ba ba zan shigo ba."

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsinkar zogale, zakaran na tonon ƙasa iyakar tsawon igiyarsa. Na gaishe ta na wuce ɗakin Mama neman almakashi. Mama a cikin kwallayenta na jere take ajiye kayan ɗinki, irin tsofaffin nan masu furanni ja da shuɗi da ta zo da su tun aurenta, an ɗora su bisa juna a kan kabad. Na buɗe ta sama, zare da allura. Ta biyu, maɓallai. Na sauke su na jawo babbar ta ƙasa, wadda tun ina yarinya ban taɓa ganin an taɓa ba. Na ji ta da nauyi.

Abin da na fara gani zanen zumuntar mata ne, tsohon ankonsu da ya koɗe. Na warware. A ciki wani ɗan tulu ne baƙi, bai fi ƙwaryar shan fura ba, wuyansa zagaye da wuri, gashin kaza ya manne a jikinsa da wani abu da ya bushe ya yi baƙi. Wani tsami-tsami ya taso daga bakinsa.

"Afiniki!"

Mama ce a bakin ƙofa, ludayi a hannu. Mamata, wadda ke jan waƙa a zumuntar mata, wadda ta koya mini durƙuso tun ban iya ɗaura zane ba. Ludayin ya faɗi. Ta lallaɓa ta zauna a ƙasa.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun ɓarin Dinatu na biyu." Ta sunkuyar da kai. "Da na ce muku na tafi gaisuwar mutuwa ƙauye, tulun kan gidan nan na je na ɗauko. Duk wata in ya tsaya sai in zuba masa ruwan gero. In je sujada in rera waƙa, in dawo in zuba masa. Na ce a raina, in wannan bai ji ba wancan ya ji. Ni uwa ce, Auta. Na ga an haƙa ɗan rami an sa jikana."

Na zo da faɗa a bakina, amma ina zan kai shi, ni da zare a ƙugu? Na durƙusa na rungume ta, tana ƙamshin albasa da hayaƙi, muka yi ta kuka. Can na hango reza a kan taga. Na miƙa hannu na ɗauko, na ɗaga rigata. Garin yanke zaren har na ɗan yanki fatata. Na ce, "Ya Yesu, ka gafarta mini, na ji tsoron wani fiye da kai." Zaren ya faɗi a kan leda.

Kar ku ce tsoron ya tafi. Yana nan inda yake, a ƙasan cibiyata. Abin da na ji kawai shi ne numfashina ya kai ƙasa, karo na farko tun jiya.

A haka Baba ya same mu. Ya dawo daga shagonsa na gyaran keken ɗinki, hannunsa duk baƙin mai. Ya dubi Mama, ya dube ni, ya dubi tulun. Ya san ko mene ne, a gidan da ake zuba wa irinsa aka haife shi. Kun san abin da ya fara yi? Ya juya da sauri ya turo ƙofa, ya ja labulen taga.

"Wa ya gani? Maƙwabta sun ji kukan nan? In maganar nan ta kai kunnen Fasto, ni da nake zagaya gidajen mutane ina musu faɗa..."

Mama ta ɗago. Ban taɓa jin ta katse shi ba sai ranar.

"Ka gani ko, Baban Dinatu? Ba ka ce me ya kai ki ba. Ba ka ce Allah ya gani ba. Kar a ji, shi ya fara zo maka. Ran da aka binne yaron nan ka ce mana sai haƙuri, ka sa hula ka tafi taro don kar a ce dattijo ya karaya. Ni na yi zunubi, ban musa ba. Amma kai ma kana da naka tulun, sunanka ne, kullum kana zuba masa."

Na ce yau gidan nan zai kama da wuta. Baba ya tsaya hannunsa riƙe da labule. Sai ya saki labulen, ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa kusa da Mama, a kan ledar da bai taɓa zama a kai ba.

"Gaskiya kika faɗa," ya ce. "Kina kwana da tsoro a gefena, ni ina can ina gyara gidajen wasu. Ki yafe mini."

Ya kama hannunta da hannunsa mai baƙin mai. Ni dai na kau da kai, don ban saba ganin haka ba, kunya ta kama ni kamar ni aka kama.

Shi da kansa ya buɗe ƙofa, ya ɗauki tulun ya fito da shi tsakar gida, cikin rana, ya ajiye a gindin turmi. Ya ɗauko taɓarya. Gwaggo ta ture kwanon zogale ta miƙe.

"Nomau!" Sunansa ke nan na yanka kafin ya yi baftisma, ita kaɗai ke kiransa da shi. "Ni ban zo raba ku da Yesunku ba. Jininmu nake karewa. In ba ku so, ba ni abina in mayar inda ya fito. Ba sai an fasa ba."

Baba ya russuna. "Yaya, ku kuka goya ni, ban isa in ɗaga muku murya ba. Maman Dinatu, me kika ce?"

Mama ta goge ido. "In ya koma ƙauye zuciyata za ta bi shi. Duk ran da wani ya yi zazzaɓi zan ce a shiga mota."

Baba ya ɗaga taɓarya.

"Baba, kar ku fasa!"

Duk muka juya. Yaya Dinatu ce a bakin zaure, ta zo taya mu aikin Asabar, jaka a hannu, ta lulluɓa da wani ƙaton mayafi ruwan toka duk da zafin da ake yi. Ta saki jakar, tumatir ya watse a ƙasa. Ta tako a hankali har gaban tulun ta tsaya tsakaninsa da Baba, sannan ta buɗe mayafin.

Ciki ne. Ya fito sosai, ya tura rigarta gaba.

"Wata biyar," ta ce. "Mama kaɗai na gaya wa. Ni na ce a kira Gwaggo. Zakaran nan ba don Auta kaɗai aka kawo shi ba, har da ni. Ni da na jefa zare a kwata, ni na aika a kawo mini wani." Ta fashe da kuka. "Baba, ku bari in haihu tukuna. In na sauka lafiya ku fasa, ni da kaina zan share gutsattsarin. Wannan yana motsi, Baba. Ina jin sa."

Baba ya sauke taɓaryar a hankali ya jingina ta da turmi. Ya jawo kujera 'yar tsugune ya zaunar da ita, shi ya tsuguna a gabanta.

"Ba zan fasa shi a kan kukanki ba, Dinatu. Kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba."

"In aka fasa ya mutu fa?"

"Za mu yi kuka. Wannan karon har da ni, babu taron da zan je. Gobe ni zan raka ki awo, in zauna a benci tare da mata, kowa ya gan ni. Amma 'yata, yumɓu ne. Wata mata ce ta gina shi da hannu ta gasa a wuta. Bai ɗauke na baya ba, ba shi kuma zai riƙe miki wannan ba. Wanda ya sa shi motsi a cikinki, shi za mu riƙe, ko ya ba mu ko bai ba mu ba."

Yaya ta dube ni. Na ɗaga gefen rigata na nuna mata inda rezar ta yanke ni, ɗan jini ya bushe a wajen.

"Kin daina jin tsoro?" ta tambaye ni.

"A'a Yaya. Ina ji har yanzu."

Ta shiga shafa cikinta. Mama ta zo ta tsaya a bayanta ta dafa kafaɗunta, leɓunanta na motsi da addu'a.

"Na gaji," Yaya ta ce a hankali. "In na ci abinci tsoro, in na kwanta tsoro. Na kasa ko yi wa yaron nan waƙa, don kar wani abu ya ji ya san yana nan. Ko haihuwarsa ban yi ba na fara ɓoye shi."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Sai ta ɗauki ɗan mayafinta ta yafa, ta zo ta dafa kan Yaya, ta dafa nawa.

"Bari in fita zaure tukuna, idona ba zai iya gani ba. Amma kar wanda ya ce zan yi fushi in tafi. Ina nan sai na ga an sa ranar Auta, kuma ni zan wanke ɗan nan in ya zo."

Ta fita tana jan ƙafa. Wayata na ta zuga a aljihu, na san ko wane ne, ban taɓa ta ba.

Yaya Dinatu ta dafa gwiwar Baba ta miƙe. Ta kama taɓaryar da hannu biyu, ta ɗaga ta kaɗan, nauyinta ya rinjaye ta. Baba ya yunƙura zai taimaka, ta girgiza masa kai. Ta juyo gare ni, hawaye na bin haɓarta.

"Auta, zo ki kama mini. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Na sa hannuna a ƙasan nata, muka ɗaga.